Hazo ko kayan buɗa-baki: da wanne za ka buɗe shekara?

Mai sayar da hotuna a shafukan intanet na cinikin hoto irin su Shutterstock ko Adobe Stock, in a Kaduna yake, a shekarun nan Janairu kan zo masa da zaɓi biyu: ga hazo a waje, ga azumi na ƙaratowa.

Hazo ba ya jiran kowa. Je gadar Kogin Kaduna da sassafe, rana ta fito ja wur kamar garwashi, mai shayi ya naɗe kai da mayafi, tururi na tashi daga kofi. Wannan hasken ba ka samunsa da damina. Illarsa ƙura. Na taɓa canja gilashin kyamara a bakin titi, na dawo na tarar da ɗigo-ɗigo a duk hotunan, masu tantancewa suka dawo min da su.

Hoton azumi kuwa kasuwarsa ta fi faɗi, don har masu talla na ƙasashen waje na nema. Kuma tun kafin lokacin suke nema, ga shi azumi na matsowa da kusan kwana 11 duk shekara, wanda ya jira ganin wata ya makara. A gida ma za ka haɗa: dabino, ƙosai, kunun tsamiya a kwanon sha. Fuskar mutum dai, in don talla ce, sai da takardar amincewarsa, ko da ƙanwarka ce.

Ni kam kayan buɗa-baki zan ba yinina. Hazo, awa ɗaya bayan asuba ta ishe shi.