Dala 650, kifi ɗaya a tukunya: fitar fatsa da na yi da Kawu a ruwan Tampa

Kawuna Basarke ne daga Yauri, ya fi shekara arba'in yana cin abinci a kan kogin Kwara. Da ya zo Filorida ganin jikarsa da aka haifa mana, sati biyu kawai ya yi a cikin gida ya fara ƙosawa. Wata safiya ya dube ni ya ce, "Ɗana, an ce garin nan a bakin teku yake, ni kuwa tun da na zo ruwan famfo kaɗai na gani." A daren na shiga intanet na kama mana wani kyaftin mai fita da mutane fatsa a Tampa Bay, wato babban lungun tekun da birnin Tampa da St. Petersburg ke zaune a gefensa. Awa huɗu, mutum biyu, dala 650, a Asabar ɗin ƙarshe ta watan Agusta. Ba zan faɗi sunansa ba, don akwai yabo akwai kuma ƙorafi a abin da zan rubuta.

Abin da ya ja ni shafinsa hoton tafon ne, ƙaton kifi fari fat kamar azurfa, ya fi mutum tsawo, an rubuta a ƙasa cewa ana samun tafon da wasu kifayen gaɓa biyu, sunuk da jan kifi, duk a fita ɗaya. Kuɗin ya haɗa da sandunan fatsa, ƙugiyoyi, abincin kifi, ƙanƙara da ruwan sha. Lasisin jirgin ma ya rufe fasinjoji, don haka ba sai Kawu ya yanki nasa ba, kuma wannan ba ƙaramin sauƙi ba ne ga baƙon da ya zo da bizar ziyara.

Mun yi Asuba a filin ajiye motoci kusa da Fort De Soto, wani wurin shaƙatawa a bakin Tampa Bay, ƙarfe shida da rabi muna cikin jirgi. Ƙaramin jirgi ne mai shimfiɗaɗɗen ciki, wanda ke iya shiga ruwan da bai kai gwiwa ba. Aikin farko neman abincin kifi. Kyaftin ya tsaya a wani fili mai ciyawar ƙarƙashin ruwa, ya riƙa watsa wani kwaɓaɓɓen gari mai ƙarni, Kawu ya ce mini da dusa suke yin haka a gida. Can sai kyaftin ya jawo birgi daga bokiti. Ai kuwa idon Kawu ya buɗe. Na fassara roƙonsa, kyaftin ya yi ɗan jim, ya miƙa masa. Kawu ya auna nauyin darmar a hannu, ya gyara riƙo irin nasa, ya jefa. Birgin ya buɗe kamar faifai, ya taso da ƙananan kifaye masu koren baya, irin sadin ɗin da ake ɗanawa da rai. Jifa uku rijiyar jirgin ta cika. Daga wannan lokacin kyaftin ya daina yi wa Kawu kallon tsohon da za a lallaɓa, kuma ina yaba masa da ya bar shi ya jefa, don wani ba zai ba baƙo birginsa ba.

Abin da na gane cewa shi na biya kuɗi a kai, sanin ruwa ne. A Yauri ruwa kan yi wata da watanni yana hawa ko yana sauka, gwargwadon damina da yadda madatsar Kainji ta riƙe shi. A nan kuwa cikin yini ɗaya teku ke cika ta janye, kuma kifin gaɓa da wannan motsin yake cin abinci. Kyaftin ya ce a ƙarshen bazararsu ruwan kan kai wajen digiri 31, iskar da ke cikinsa ta ragu, kifi ya yi kasala da zarar rana ta ɗaga. Saboda haka sammako da ruwa mai tafiya su ne jarin. Ya kai mu bakin wani dajin mangurob, bishiyoyin nan da saiwoyinsu ke tsaye a cikin ruwan gishiri kamar yatsu, daidai lokacin da ruwa ke shigowa yana cusa ƙananan kifaye ƙarƙashinsu. Ya watsa sadin masu rai kamar goma. Ba a yi minti ɗaya ba muka ji "fau!" a gindin saiwa.

Sunuk na farko Kawu ne ya kama. Da aka ɗago shi, ya ƙura masa ido ya ce, "Wannan ai ɗan giwan ruwa ne." Bai yi kuskure sosai ba: goshin nan mai gangara da leɓen ƙasa da ya zarce na sama duk iri ɗaya ne, kuma masana sun daɗe suna lissafa su a dangi ɗaya kafin a raba su. Bambancin da ke fitowa fili shi ne baƙin layin da ya ratsa gefen sunuk daga kai har wutsiya. Murfin kunnensa na da kaifi kamar aska, shi ya sa ake ɗaura tsirkiya mai kauri kusa da ƙugiya. Kuma da ya ji ƙarfe, saiwoyi yake nufa don ya yanke zare; biyu sun yi mini haka. Kyaftin ya ƙara mana da wani abin da Kawu ya ƙi yarda da shi har yau: sunuk duk namiji ake ƙyanƙyashe shi, daga baya wasu su rikiɗe su zama mata, shi ya sa manyan galibi mata ne.

Aka auna shi, inci 30. Kyaftin ya ɗauke mu hoto, ya mayar da kifin ruwa, ya riƙe leɓensa har ya farfaɗo ya tafi. Kawu ya bi shi da kallo, ya juyo gare ni. "Ɗana, lafiyarsa ƙalau kuwa mutumin nan?"

A nan ne ƙorafina na farko yake. A yankin Tampa an rufe ɗaukar sunuk daga 1 ga Mayu zuwa 31 ga Agusta, lokacin da suke zuba ƙwai a mashigun teku da bakin rairayi, sai 1 ga Satumba ake buɗewa. Ko an buɗe, ɗaya tak mutum zai ɗauka a rana, shi ma sai mai tsawon inci 28 zuwa 33. Wato kifin Kawu ya cika ƙa'idar tsawo, kwanaki ƙalilan ne suka hana mu shi. Dokar ba ta kyaftin ba ce, ta hukumar kula da kifi da namun daji ta jihar ce, amma lokacin da na kira shi na gaya masa ƙarara cewa baƙona masunci ne mai son ya ci abin da ya kama. Da ya faɗa mini kalma ɗaya, da na ɗaga fitar zuwa sati mai zuwa.

Dokar kanta ban ga laifinta ba da na ji tarihinta. Sanyin Janairun 2010 ya kashe sunuk masu yawan gaske, don kifi ne da ba ya jure sanyi, har aka hana ɗaukarsa a wannan gaɓar sai 2013. A 2018 jan ruwan nan mai guba, wanda wasu ƙananan halittun teku ke haddasawa, ya zubar da matattun kifaye a rairayin kudu maso yammacin jihar, ya sake dawowa cikin Tampa Bay a 2021. Tun kafin haka, a 1994, mutanen Filorida suka kaɗa ƙuri'ar hana kafa ragar da ke sarƙe kifi a ruwan jihar. Da na fassara wa Kawu wannan, ya yi shiru, sannan ya ce yana yaro giwan ruwa mai girman mutum ba abin labari ba ne a Yauri, yanzu kuwa masu raga mai ido kamar gidan sauro sun hana ƙanana girma. Duk da haka bai huce ba. Mun saki sunuk bakwai a wurin, kowanne da tsakin Kawu.

Jan kifi ya ɗan wanke mana zuciya. A ƙarshen Agusta suke fara haɗa garke a filayen ruwa marasa zurfi, kuma kyaftin ya hango su tun daga nesa, ni ban ga komai ba sai ɗan kumburin ruwa. Ya kashe inji, ya sa ƙaramin injin lantarki mara ƙara, ya hana mu ko buga ƙafa a jirgi. Kifin launin tagulla ne, da baƙin ɗigo a gindin wutsiya. Ba ya tsalle, ja kawai yake yi kamar ɗan maraƙi. Na farko ya wuce inci 27, aka sake shi, don shi ma nasa ma'aunin inci 18 zuwa 27 ne, ɗaya ga kowane mutum. Na biyu ya yi inci 24, ya shiga ƙanƙara. Yana kwance a jirgi yana wani gurnani daga ciki, Kawu ya yi dariyarsa ta farko a ranar, ya ce ashe kurungu na da ɗan'uwa a Turai.

Tafon kuwa, wanda hotonsa ya ci kuɗina, sai wajen ƙarfe tara muka je nemansa kusa da Skyway, babbar gadar da ta ratsa bakin Tampa Bay. A hanya kyaftin ya faɗi gaskiyar da babu ita a shafinsa: manyan garkunan da ke bin gaɓa daga Mayu zuwa Yuli ne, a ƙarshen Agusta sai 'yan saura da matasa. Mun gan su suna juyi a saman ruwa, bayansu na walƙiya. Iska suke haɗiya, kamar yadda bargi ke yi a fadamun gida, shi ya sa ruwan zafi mara iska bai dame su ba. Ɗaya ya ɗauki nawa. Ban taɓa jin abu irin wannan a hannuna ba. Ya yi sama gaba ɗayansa, yana kaɗa kai, kunnuwansa na ƙara kamar ana girgiza gwangwani. Kyaftin na ihu in sunkuyar da sanda in miƙa masa ita duk lokacin da ya yi tsalle, su a bakinsu rusuna wa sarki ke nan, don sarkin azurfa suke kiransa. Na yi a tsalle na farko da na biyu, a na uku na manta na ja, ƙugiya ta fito. Bakinsa ƙashi ne, ƙugiya ba ta cika kama shi da kyau ba. A ƙiyasin kyaftin zai yi kilo 20. Ko da na kawo shi, tun 2013 doka ta ce saki ne kawai, wanda ya wuce inci 40 ma ba a fitar da shi daga ruwa. Kawu ya ce tsage ne kawai ya sani da irin wannan haukar. Na gaya masa kifin yana nan a gaɓar Afirka ta Yamma har da ruwan Legas, kuma wanda ke riƙe da kambun duniya, mai kusan kilo 130, a Gini Bisau aka kama shi a 2003.

Ba mu sami damar gwada na biyu ba. Hadari ya haɗo daga gabas, aka yi tsawa ɗaya, kyaftin ya kwantar da sanduna ya juya jirgi. Ban yi musu ba, yankin Tampa ya yi suna wajen aradu, kuma ba mai hankalin da zai tsaya a fili da doguwar sanda a hannu. Amma mun sauka saura minti arba'in a lokacinmu, bai ce uffan ba game da ragi ko wata rana. Sannan ga ihsanin da al'ada ta ɗora, kashi 15 zuwa 20 cikin ɗari. Na ba shi dala 100. Jirgin kuma ba rumfa ko kaɗan, abin da ya kamata a gaya wa mai zuwa da dattijo. Rawanin Kawu ne ya cece shi, ni wuyana ya yi kwana uku yana raɗaɗi.

Idan aka ce in ba shi maki, huɗu cikin biyar ne a kan ruwa, biyu a kan waya. Ya san aikinsa, kayansa masu kyau ne, yana da haƙuri da wanda bai iya jifa da sandar zamani ba, kuma ya gyara mana kifin tsaf a bakin gaɓa, ko da yake sai da Kawu ya hana shi jefa wa tsuntsaye kan. Wanda ke son tafon babba ya zo a Yuni. Wanda ke son sunuk a tukunya ya jira Satumba ta kama. Kafin ka biya, ka tambayi abin da za a yi idan hadari ya katse fitar, ka sa ya rubuto maka amsar.

Da daddare maiɗakina ta yi farfesun kan, Kawu ya gasa sauran da yajin da ya zo da shi daga gida. Ya ce naman ya yi, amma bai kai ragon ruwa ba. Washegari ya sa na kai shi shagon kayan su, ya sayi birgi irin na kyaftin. Darmar kaɗai ta sa jakarsa ta haura kilo 23 a filin jirgi, sai da muka cire takalma biyu da bargon da na saya wa Inna.