Ƙararrawar hayaƙi mai haɗe da wutar gida: abin da na gani a wata takwas

Gaskiya ba da son raina aka sa ta ba. Mun ƙara ɗakin kwana a ƙasan gidanmu da ke Columbus, jihar Ohio, sai jami'in duba gini ya ce ba zai sa hannu ba sai an cire masu batir zalla da muka tarar, an sa masu waya. Da na ji kuɗin aikin, raina ya sosu.

Mai aikin wutar ne ya kwantar mini da hankali. Ya ce ƙa'idar gini a Amurka ta wajabta, a sabon aiki, na'urar ta riƙa shan wutar gida ta bolt 120, batir kuma ya tsaya a baya don ranar da wuta ta ɗauke. Kowane ɗakin kwana da tasa, haka ƙofar ɗakunan, haka kowane hawa. Ba a yarda a yi mata makunni ba, kada wani ya kashe ya manta. Ya ɗora su a layin fitilar baranda, ta yadda in layin ya katse, duhu ma zai faɗa mana. Wannan dabarar ta burge ni.

Waya uku ke shiga kowace ɗaya: baƙa, fara da ja. Jar ita ce ke haɗa su, in ɗaya ta ji hayaƙi duk su ɗauka. Ban san darajarta ba sai daren da surukata ta bar kaskon turaren wuta kusa da labule a ɗakin ƙasa, barci ya kwashe ta. Muna sama, ƙofofi a rufe, amma ta ɗakin yara ta yi kuka tare da ta ƙasan. Na sauka na tarar bakin labulen ya fara ƙuna.

Inda ta ba mu wahala shi ne kicin. Da an ɗora suyar ƙosai sai gida ya rikice. Mai aikin wutar ya dawo ya matsar da ta wurin kamar mita 3 daga murhu, muka samu sauƙi.

Wa'adinsu shekara 10 ne daga ranar da aka buga a bayansu. Na rubuta shekarar canji a jikin akwatin wuta, kuma farkon kowane wata ni da yara muke danna maɓallin gwaji.