Kwamfutar da ta ƙi tashi a Hamburg

A watan jiya na cika wani buri da nake riƙe da shi tun ina Kano, wato in harhaɗa kwamfuta da hannuna. Na yi odar kayan ɗaya bayan ɗaya ta intanet, na shafe yini biyu ina ɗaure-ɗaure, ranar Asabar da daddare na yi bisimilla na danna makunni. Ko fanka ba ta motsa ba.

Da a gida ne, wuta za a fara zargi, amma a nan Jamus tana nan daram, ba ta raguwa balle a ɗauke ta. Na duba makunnin da ke bayan akwatin wuta, wato na'urar da ke ba sassan kwamfutar lantarki, na zare babbar wayar nan mai haƙora 24 na mayar har ta yi ƙas, na tabbatar mai haƙora 8 da ke ciyar da furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar, ta zauna, na cire sandunan RAM, ma'ajiyar bayanai ta wucin gadi, na bar guda ɗaya, har ɗan batirin babban allon da ake dasa duk sassan a kansa na fitar na mayar. Shiru kake ji.

A nan ne halin gida ya motsa mini, na yanke hukunci cewa jabu aka sayar mini, na rubuta wa kantin wasiƙa mai zafi. Amsar da ta zo ranar Litinin ba musu ba rantsuwa, takardar aikawa kawai suka haɗo, domin dokar ƙasar ta ba wanda ya yi sayayya ta intanet kwana 14 ya mayar da kaya ba tare da faɗin dalili ba, kuma alhakin aibin kaya yana wuyan mai sayarwa har shekara 2. Mu kuwa rasiɗinmu da kansa yake gargaɗi cewa abin da aka saya ba a mayarwa, mai kanti kuma zai rantse maka lafiya lau ya ba ka.

Sai dai kada a ɗauka komai daɗi ne. Ranar Lahadi kantuna a rufe suke ruf, mai gyara kuma ba a faɗo masa haka nan, sai da ya sa mini ranar Alhamis. A kwanakin nan na yi kewar titin Beirut na Kano, inda kafin ka shanye ruwan leda an samo maka yaron da zai buɗe ta.

Mai gyaran dattijo ne, kuma bai ce da ni wani abu ya ƙone ba, kalmar da masu gyaranmu kan fara da ita tun ba su kwance ko da noti ɗaya ba. Ya raba akwatin wutar da komai, ya lanƙwasa ɗan ƙarfen maƙale takarda ya haɗa koriyar waya da baƙa, fanka ta juya, ya ce wannan lafiyarsa ƙalau. Daga nan ya mayar da wayoyin, ya zare siririyar wayar makunnin gaba, ya taɓa wasu ƙananan fil guda biyu da bakin sukudireba. Nan take fankoki suka ɗauka, fitilu suka kama.

Ashe wayar makunnin na soka a gurbin da ba nata ba. Ya buɗe littafin da ya zo da allon, wanda ko ledarsa ban yage ba, ya ɗora yatsa a kan zanen, bai yi dariya ba, bai kuma ce uffan ba. Wallahi da ya yi mini tsiya irin ta 'yan kasuwarmu da abin ya fi mini sauƙi.

Aikin bai kai minti goma ba, amma kuɗin rabin awa ya rubuta, babu ragi, babu "kawo abin da ya sawwaƙa". Na biya, na rungumo kwamfutata zuwa tashar jirgin ƙasa, ina tsara yadda zan ba mutanen kantin nan haƙuri da Jamusancina da bai nuna ba.