Kantin maganin da ya riƙe mu kafin maganin damuwa ya fara aiki

Kemis a cikin Katsina sun fi a ƙirga, daga Ƙofar Ƙaura har ka dangana da Layout kusan kowane layi akwai ɗaya, amma waɗanda zan ce ma mutum ya kai masu takardar likitan ƙwaƙwalwa gaskiya ba su da yawa. Wannan da nake magana a kai yana ta wajen Ƙofar Ƙaura ne, famasi ne na gaske mai rajista, ba irin shagon da za ka tarar da yaro yana ƙirga maka ƙwaya cikin leda ba. Ba zan kama suna ba don ƙanena ne mara lafiyar kuma bai yarda a gane shi ba, unguwarmu kuwa kowa ya san inda muke sayen magani.

Shekararshi 23. Likita ya tabbatar mashi da ciwon damuwa mai tsanani, difireshan dai. Ba damuwar babu ba ce ko ta budurwa ta ƙi ka, yaro ne da ya daina cin abinci, wanka sai an matsa mashi, yana farkawa tun kafin kiran assalatu ya kasa komawa, sai ka leƙa ka same shi zaune bakin katifa ya zuba ma bango ido. An rubuta mashi fluoxetine 20mg, ƙwaya ɗaya kullum da safe, aka ce mu dawo bayan sati biyu. Bayanin da muka samu a asibiti kaɗan ne, kuma wallahi ban ga laifin likitan ba, layin da ke bayanmu ya kai har baranda. Likitocin ƙwaƙwalwa a duk Najeriya ba su kai 300 ba, mu kuma mun haura miliyan 200, to ina zai samu lokacin zama da kowa.

Abin da ya sa nake yabon wurin nan mai famasin ce, wata mata mai matsakaicin shekaru, Anti nake ce mata. Da ta karanta takardar ba ta miƙa ma yaranta ba, ta ce ƙanwata zo ta nan gefe. Ta tambayi shekarunshi, ta tambayi ko yana shan wani magani, sai ta rage murya ta ce ki gaya mani gaskiya ko yana taɓa tiramol ko kodin, don tiramol da wannan maganin in suka haɗu suna iya jawo farfaɗiya da zazzaɓi mai haɗari da rikicewa. Sannan ta faɗi maganar da ita ce ta riƙe mu har yau. Ta ce wannan ba farasitamol ba ne da za a sha ciwon kai ya sauka kafin la'asar, yakan ɗauki sati 2 zuwa 4 kafin a fara ganin alama, cikakken aikinshi kuma sai sati 6 har 8, kuma abin haushin shi ne wahalhalun maganin su ke fara zuwa kafin amfanin. Tashin zuciya, ciwon kai, rashin barci, jin kamar ba za ka iya zama wuri ɗaya ba. Ta ce a nan ne yawancin mutane ke jefar da katin maganin su ce bai karɓe su ba, alhali lokacinshi ne bai yi ba.

Maganar da ta fi mani nauyi ita ce ta biyu. Ta ce ga wanda bai kai shekara 25 ba, a makonnin farko tunanin kashe kai yana iya ƙaruwa, kuma wani lokaci ƙarfin jiki ke riga zuciya dawowa, to wannan tsakanin ne ake sa ido sosai. Ta ce maganin ya zauna hannuna ni nake ba shi kullum, in kwashe sauran magungunan gida da na ƙwari in kulle, kada a bar shi ya kwana shi kaɗai, kuma in tambaye shi kai tsaye ko yana tunanin cutar da kanshi. Na ce Anti ai ina tsoron in sa mashi abin a rai. Ta ce tambaya ba ta dasa wannan tunanin, shirun ne ke barin mutum shi kaɗai da shi. Da na tambaye shi ya daɗe bai ce komai ba, can ya ce Yaya wani lokaci yana zo mani. Ban yi kuka gabanshi ba, na dai riƙe hannunshi, washegari muka koma asibiti ba mu jira ranar da aka ba mu ba, likita ya ƙara duba shi ya matso da ranar dawowa. Duk wanda nashi ya faɗi irin wannan, ko ya fara rabar da kayanshi yana neman yafiya ba dalili, asibiti ake nufa a lokacin, sashen gaggawa, ba kemis ba kuma ba a bari sai gari ya waye.

Sati na biyu ne ya fi tsanani a gidanmu. Yana amai-amai, ba barci, ya ce maganin ƙara mashi ciwo yake. Dangi kuma kowa da tashi, wannan ta ce sammu ne, wancan ya ce iska ce, wata gwaggonmu ta aiko da jarka cike da jiƙo. Inna da kanta ta bi ni famasin tana roƙon a ba shi ƙwayar barci ko ta kwana biyu ce. Anti ta gaishe ta har ƙasa ta ce Inna ki yi haƙuri, wannan sai da takardar likita, in na ba ki na cuce shi don irin su diazepam jiki na saurin sabawa da su. Ta bar ciniki ya wuce ta, kuma a garin nan na san wuraren da ko tambaya ba za a yi ba. Kan maganar addu'a kuwa ba ta raina kowa ba, ta ce a ci gaba da tofi da ruƙiyya da karatun Alƙur'ani, babu abin da ya haɗa su faɗa da magani, jiƙon da ba a san me ke ciki ba ne kawai a ajiye, kuma kada a tsayar da ƙwayar ba da sanin likita ba. Tashin zuciyar ta ce ya riƙa sha bayan ya sa wani abu a ciki, ko koko ne da ƙosai biyu, kuma ya taimaka.

Sauran abin da muka yi a zaman jiran ƙanana ne. Tashi lokaci ɗaya kullum ko bai yi barci ba. Zama a tsakar gida cikin hantsi. Wani abokinshi, Allah ya saka mashi da alheri, ya riƙa biyo mashi su taka zuwa masallaci da magariba, wata rana su kai wata rana su juyo daga bakin layi, ba wanda ya yi mashi gori. Fura da nono in tuwo ya ƙi shiga. Mun hana a yi mashi maganar aiki ko aure ko wata babbar shawara, na kuma hana masu zuwa dubiya irin nasihar nan ta ka gode ma Allah wasu sun fi ka shiga uku, ko a ce imaninka ne ya yi rauni. Mai wannan ciwon dama kanshi yake zargi dare da rana, kana faɗa mashi haka ƙara mashi kaya kake. Anti ta ce mu na gefe za mu riga shi ganin sauƙi, haka kuwa aka yi, wajen sati na huɗu na ga ya ɗauko hularshi yana wankewa da kanshi, da na ce ka ji sauƙi kenan ya ce shi bai ji komai ba. Sai can gaba ya yarda.

To ba wai wurin ba shi da aibu ba. Kuɗinsu ya ɗara na ƙananan kemis, wanda ba shi da ƙarfi zai ji a jikinshi tunda magani ne na watanni. Ita Anti ba kullum take nan ba, da dare sai yaran kanta, su kuma bayani ba su iya ba. Abin da ya fi ɓata mani rai, wata rana ɗaya daga cikinsu ya ɗaga murya daga bayan kanta yana tambaya ko maganin masu taɓin nan ne, shago cike da mutane har da maƙwabcinmu. Na gaya mata ta yi mashi faɗa ta ba ni haƙuri, amma ya kamata a ce akwai ɗan lungu da ake irin wannan maganar. Tun watan Janairun 2023 Buhari ya sa hannu kan dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da ta maye gurbin tsohuwar ta 1958, kuma cikin abin da ta tanada akwai mutunci da sirrin mara lafiya, ya kamata wannan ya iso har bakin kanta. Sai kuma canjin kamfani, wata ɗaya kafso mai launi kaza wata na gaba wani launin daban, ƙanena ya tsorata ya ce an canza mashi magani, sai da ta nuna mashi sunan da 20mg ɗin a jikin kwalin da lambar NAFDAC da ranar lalacewa kafin ya yarda ya sha. Da tun farko an gaya mana da ba a kai nan ba.

In za ku je ku je da safe ku ce mai famasin kuke nema ita kanta, ku tafi da takardar likita da duk wani magani da mara lafiyar ke sha ta gani. Mu har yanzu muna kai, don likita ya ce ko an warware sai an ci gaba aƙalla wata 6, kuma ranar dainawa a hankali ake ragewa ba a yanke shi lokaci guda. Na tambaye ta yadda za a yi da azumi tunda da safe yake sha, ta ce da yawa sahur ake mayar masu da shi amma in bari likitanshi ya faɗa da bakinshi, na rubuta a bayan katin asibitin don kada in manta ranar da za mu koma.