Kafinta da Intanet: Wane Shafi Za Ka Buɗe, Kuma Ina Za Ka Sa Masu Ƙorafi?

Kafintan da ke da yara uku ko huɗu a shago, yana haɗa gado da wadirof da kujerun falo, ba ya rasa masu ce masa ya buɗe shafi a intanet. Ɗan maƙwabci da ya gama digiri zai ce a ba shi aikin, wani ya ce Instagram ta wadatar, wani kuma ya ce duk asarar kuɗi ce. Kafin ka ba kowa ko sisi, ka san abin da za ka saya. Uwar amarya da ke Abuja ko Damaturu, wadda ba ta taɓa ganin fuskarka ba, ba za ta turo maka kafin alƙalamin kayan ɗakin 'yarta ba sai ta sami inda za ta bincike ka. Wurin binciken nan shi kake saye. Kuma duk inda baƙo zai iya bincikenka, wanda ka ɓata wa rai ma zai iya tofa nasa a wurin. Shi ya sa tambayar farashi ba ta isa ba. Kowane zaɓi sai ka tambaya: wa ke riƙe da makullinsa, kuma idan aka kushe ni a ciki, yaya zan yi?

Mafi sauƙi shi ne WhatsApp Business. Kyauta ce, ta fito a 2018, aka ƙara mata katalog a 2019, inda za ka jera kaya har 500, kowanne da hotonsa da bayaninsa da farashinsa. Ko me ka buɗe daga baya, cinikin a nan zai ƙare, domin mutanenmu sun fi son saƙon murya da kiran bidiyo a nuna musu kayan a kan cike takarda a shafi. Matsalarta ɗaya ce babba: wanda bai da lambarka ba zai same ka ba. Tana riƙe maka tsohon kwastoma, amma ba ta kawo sabo. Ƙorafi a cikinta kuwa tsakaninka da mai shi ne, abin da ke da daɗi a wurinka, sai dai baƙo ba ya ganin shaidar kowa a kanka. Ka tabbata layin da ka ɗora ta a kai da sunanka da lambar NIN ɗinka aka yi masa rajista, ba da na yaron shago ba. Ranar da yaron ya tafi buɗe nasa shagon, da kwastomominka zai tafi. Ka kuma sa mata lambar sirri mai alƙaluma shida, saboda masu ƙwace asusu su riƙa karɓar kuɗi da sunan mutane.

Facebook da Instagram da TikTok su ne ke kawo baƙi. Kayan ɗaki abin kallo ne, kuma mata masu shirin jere a can suke yini suna duba yayi. Bidiyon daƙiƙa talatin da ke nuna ana buɗe ƙofar wadirof tana rufuwa ba ƙara ya fi dogon bayani aiki. Sai dai ka sani rumfar haya ce: ka share, ka yi mata fenti, ka tara jama'a, amma mai rumfar na iya garƙame ta ba tare da ya yi maka sallama ba. A ranar 4 ga Oktoba, 2021, Facebook da Instagram da WhatsApp sun ɗauke gaba ɗaya na kusan awa shida a duk duniya. A shekarar dai, gwamnatin Najeriya ta dakatar da Twitter daga Yuni har zuwa Janairun 2022. Waɗannan ma na kowa da kowa ne. Wanda ya fi ciwo shi ne a wayi gari an sace maka asusu, ko an rufe shi, babu ofishin da za ka je ka yi bayani. A nan ne kuma suka ta fi zafi, domin a gaban jama'a ake yin ta, ƙarƙashin hoton aikinka. Kana da ikon gogewa ko ɓoyewa, amma wanda ka goge wa magana ya riga ya ɗauki hotonta, kuma zai kai ta inda ba ka da iko.

Akwai wanda kafintocinmu suka fi sakaci da shi, alhali ni a ganina ya fi shafin kuɗi amfani a shekarar farko: sa shagonka a taswirar Google ta hanyar Google Business Profile. Shi ma kyauta ne. Za ka sa sunan shago, da kwatance, da lambar waya, da lokacin buɗewa, da hotuna, su tantance cewa shagon na nan da gaske, shi ke nan. Wanda ya sauka a gari yana neman kafinta kusa da shi zai gan ka, ya danna kira ko ya bi taswira har ƙofar shago. A wuri irin 'Yan Katako na Na'ibawa a Kano ko Panteka a Kaduna, inda shaguna suka yi kama da juna, wannan kaɗai ba ƙaramin abu ba ne. Sharaɗin shi ne kowa na iya ba ka tauraro ɗaya zuwa biyar ya rubuta ra'ayinsa, kuma ba za ka iya gogewa ba. Iyakarka ka ba da amsa, ko ka kai ƙara idan zagi ne ko maganar da ta saɓa wa dokokinsu. Wasu wannan ne ke sa su gudu. Ni kuwa shi ne dalilin da ya sa nake ba shi muhimmanci, domin mai saye ma ya san ba ka iya gogewa, saboda haka yabon da ya gani a can ya fi wanda ka liƙa da hannunka nauyi. Google ma dai ba ta da tabbas ɗari bisa ɗari: ƙananan shafukan kyauta da take haɗa wa masu sana'a ta wannan hanyar, ta rufe su a Maris 2024.

Jiji kuma, shafin saye da sayarwa na intanet, kasuwa ce ta 'yan neman araha. Za ka sami kira da yawa, amma a gefen masu sayar da na hannu za a jera ka, kuma da farashi kaɗai za a auna ka. Ta dace da teburin karatu ko bencin da ka riga ka haɗa, ba aikin oda ba.

Sai shafi na kanka, wanda shi ne ake biyan kuɗi. Abu uku ne a cikinsa, kuma masu haɗawa sukan dunƙule su a farashi ɗaya don kada ka gane: sunan shafin, da hayar ma'ajiyar da zai zauna, da ladan wanda ya tsara. Biyun farko duk shekara ake sabunta su. Sunan da ya ƙare da .ng ko .com.ng ƙungiyar NiRA ce ke kula da shi, da naira ake biya ta hannun kamfanonin da ta amince da su, kuma .com.ng na shekara bai kai kuɗin falle ɗaya na allon katakon HDF ba. Wanda ya ƙare da .com farashinsa dala yake bi, kuma duk wanda ya sayi gam ko hinji bayan an saki naira a Yunin 2023 ya san abin da hakan ke nufi.

Wajen ginawa hanya biyu ce. Irin su Wix suna ba ka tsararren gida ka jera hotunanka da kanka. Na kyautarsu yana ɗauke da tallarsu da sunansu a adireshinka, na kuɗin kuma biyan wata-wata ne ko shekara-shekara, kuma ba za ka iya kwashe shafin ka mayar wani kamfani ba idan kun ɓata. WordPress kuwa, wadda ta fito tun 2003 kuma sama da kashi 40 cikin 100 na shafukan duniya a kanta suke, kana iya ɗauke ta daga wannan ma'ajiya zuwa waccan, kuma idan wanda ya haɗa maka ya ɓace, samun wani da ya iya ta ba wuya. Amma tana son kulawa da sabuntawa, in ba haka ba a yi mata kutse. Kafintan da bai da yaro mai kan kwamfuta a gida, gara ya biya a haɗa masa WordPress mai sauƙi, da yarjejeniyar wanda zai riƙa duba ta.

A nan ne ake cutar mutane, don haka ka saurara. Sunan shafin a yi masa rajista da sunanka da imel ɗinka, kana zaune a wurin. Kalmar sirri ta suna da ta ma'ajiya da ta shafin duka a ba ka kafin ka biya ciko. Ka tambayi kuɗin sabuntawa na shekara ta biyu, a rubuta. Ka sa ya nuna maka yadda za ka sauya hoto da farashi da wayarka. Wanda ya ce "bar wannan a hannuna, Oga" yana nufin baɗi shi zai yanka maka farashi, kai kuma ba ka da ta cewa. Ka kuma nemi ya ba ka shafuka biyu da ya yi, ka buɗe su a wayarka da datarka, ba a kwamfutarsa ba. Idan sun yi nauyi a hannunka, haka naka zai yi a hannun kwastoma.

Shafin kafinta ba ya buƙatar ƙyale-ƙyale. Hotunan aikinka na gaskiya, ko da a bakin shago aka ɗauka da hasken safiya, sun fi na gadajen Turkiyya da ake kwasowa a intanet. Hoton aro shi ne tushen rabin rigimar da ake yi da kafintoci: an nuna wa mace abu, an kawo mata wani. Ka faɗi awon kowane kaya, da abin da aka yi shi da shi. In madaci ne ka ce madaci, in MDF ne (allon garin katako da aka matse) aka lulluɓe ka ce MDF, ka ƙara da cewa ba ya shiri da ruwa. Ka sa kwanakin da aiki ke ɗauka, da wanda ke biyan kuɗin mota, da lambar rajistar CAC, hukumar yi wa kamfanoni rajista, in kana da ita, da maɓalli ɗaya mai kai mutum WhatsApp. Tsarin biya da kati irin na Paystack ko Flutterwave bai zama dole ga aikin oda ba, tunda ba a sayen gadon amarya sai an yi magana. Lambar asusu mai sunan shagon ta wadatar.

Kafin ka yaɗa adireshin, ka nemi suka da kanka. Kada ka nuna wa abokanka kafintoci, su haɗin katakon za su duba, wasu kuma su ce "ma sha Allah" su wuce. Ka ba wata yayarka ko matar maƙwabci wayar, ka ce ta nemo kuɗin gado mai awon ƙafa shida ta kira ka, kai kuma ka yi shiru kana kallo. Inda ta tsaya tana lalube, nan ne gyaran yake. Wanda ya ce kalar shafin ba ta yi masa ba, ra'ayinsa ne. Wanda ya ce bai ga farashi ba ko rubutun ya yi ƙanana, kuɗi yake ceto maka. Shi ma mai haɗa shafin zai iya jin haushi idan ka kawo gyara, saboda haka ku yanke tun farko sau nawa zai gyara a cikin kuɗin da ka biya.

Sukar aikin kanta ta fi wuyar haɗiya, domin gumi ne aka taɓa. Amma in ka natsu za ka ga ƙorafin da ake yi wa kafinta bai wuce kala uku ba. Na farko, kuma mafi yawa, saɓa alkawari: an ce sati biyu, ga ranar jere ta zo, kafinta ya kashe waya. Wannan ba shi da amsa sai ban haƙuri da faɗin rana ta gaskiya. Na biyu aibin kaya. Katakon da aka ɗauko daga kudu da ɗanyantakarsa, aka yanka ba a bari ya bushe ba, da hunturu ya kama zai tsuke ya tsage, ƙofa ta kauce, da damina kuma durowa ta kumbura ta ƙi buɗuwa. Mai kaya bai san wannan ba, kuma ba laifinsa ba ne. Amsar da ke aiki gajeriya ce: "Hajiya, ki yi haƙuri, laifin daga wurinmu ne. Gobe in sha Allahu yaro zai zo ya duba, gyaran a kanmu yake." A fili za ka rubuta wannan, sauran maganar ku ƙarasa a waya, in an gyara ka dawo ka rubuta cewa an gyara. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Ka tuna ba ita kaɗai kake ba amsa ba, har da mutum ɗari da za su karanta ba su ce komai ba. Na uku shi ne ɗan hassada ko wanda bai taɓa sayen komai a wurinka ba. Layi ɗaya ya ishe shi: ba mu ga sunanka a littafinmu ba, turo rasit mu duba. Kada ka ƙara.

Abin da ba a yi shi ne barazana. A Satumbar 2023 wata mata a Legas ta rubuta a Facebook cewa tumatirin gwangwani na kamfanin Erisco ya cika zaƙi. Kamfanin ya kai ƙara, 'yan sanda suka kama ta, magana ta kai kotu. Abin da ya biyo baya shi ne kiraye-kirayen ƙaurace wa kayan kamfanin, labarin ya kai har kafafen yaɗa labarai na waje, mutanen da ba su taɓa ganin rubutun nata ba duk suka ji shi. Babban kamfani ke nan mai lauyoyi. Kai da ke da shago ɗaya, kiran ɗan sanda ko tura yaranka su yi wa kwastoma taron dangi a ƙarƙashin rubutunta zai fi ƙorafin yi maka ɓarna. Mai saye ma yana da FCCPC, hukumar kare haƙƙin masu saye, da zai iya kai kuka.

In ni ne mai ƙaramin jari, WhatsApp Business da taswirar Google zan fara da su a sati ɗaya, in ƙara ɗaya tak daga cikin Instagram ko Facebook, wadda zan iya ciyar da ita da hoto duk mako. Sunan .com.ng zan saya in ajiye tun yanzu don kada wani ya riga ni. Ginin cikakken shafi zai jira sai na fara neman aikin makarantu da otal da ofisoshi, domin su ne ke tambayar adireshin shafi kafin su karɓi takardar farashi. Ra'ayin kwastoma kuwa ba ranar da aka kai kaya ake roƙonsa ba, lokacin kowa yana murna fenti na ƙyalli. Ka rubuta sunansa a littafi, bayan kayan sun ga hunturu ɗaya da damina ɗaya ka kira ka tambayi lafiyar ƙofofi da durowa. In akwai gyara ka tura yaro, in babu ka tura masa adireshin shagonka na Google ka ce ya rubuta abin da ya gani.