Haɗe rimot biyar a na'ura ɗaya: abin dubawa kafin ka biya kuɗi

Mai gidan kallon ƙwallo, da mai kula da ɗakin taro, da maigidan da ya tara talabijin da dikoda da majigi da amfilifaya a falo, duk abu ɗaya suke nema: na'ura guda da za ta sarrafa komai. Sai dai yawanci sunan kamfani ake fara tambaya, alhali abin da ya kamata a fara sani shi ne ta wace hanya umarnin kowane rimot zai shiga cikin na'urar.

Yawancin rimot haske suke aikawa, hasken infirared da ido ba ya gani. Saita kyamarar waya a bakinsa ka danna maɓalli, a yawancin wayoyi za ka ga ƙwayar tana walƙiya. Kowane kamfani da salon walƙiyarsa: tsarin NEC yana tafiya a kan kilohaz 38, RC-5 na Philips a kan 36, na Sony a kan 40. Kusan kowace na'urar haɗa rimot tana ɗaukar waɗannan. Umarni kuwa ta hanya uku yake shiga: ko a zaɓo shi daga rumbun umarnin da kamfanin na'urar ya tanada, ko a kwafe shi daga rimot na asali, ko a liƙa shi da hannu a tsarin Pronto, wato jerin lambobi huɗu-huɗu da galibi ke farawa da 0000. Hanya ta uku, wato Pronto, ita ake rainawa, ita ce kuma ta fi amfani.

Ga dalili. Maɓallin wuta na rimot guda ne, shi ke kunnawa shi ke kashewa. Infirared kuma magana yake yi ba ya jin amsa, don haka na'urarka ba ta san ko talabijin a kunne take ba. A ce an ɗauke wuta ana tsakiyar wasa, aka tayar da janareta, dikoda ta dawo da kanta, majigi ya yi shiru. Yaron shago ya danna "kunna komai". Majigi ya tashi, dikoda ta mutu, 'yan kallo suka fara ihu. Maganin wannan shi ne umarni mai aiki guda: ɗaya kunnawa kawai, ɗaya kashewa kawai, wani kuma ya kai ka HDMI 2 kai tsaye ba sai an bi layi ba. Talabijin da yawa na Sony da LG da Samsung suna jin irin wannan umarni, amma babu maɓallinsa a jikin rimot, ka ga babu daga inda za a kwafo shi. Sai rumbu ko Pronto.

Rimot na kowa-da-kowa da ake sayarwa da 'yar takardar lambobi ya isa idan naka ne ya ɓace, amma ba ya jera umarni. SofaBaton U2 ya ɗara shi, ana saita shi ta manhajar waya, yana kwafa, yana kuma jera umarni a maɓalli ɗaya. Harmony kuwa, wani rimot irin wannan, kamfanin Logitech ya daina ƙera shi a 2021. Ko an yi maka tayin na hannu da arha, ka tuna saita shi ya dogara ne da manhajar kamfanin.

BroadLink RM4 mini ɗan ƙaramin abu ne da ake ajiyewa ya watsa haske ko'ina a ɗaki, ana ba shi umarni ta waya a kan wayifai mai gigahaz 2.4. Ga falo ya wadatar, har da na'urar sanyaya ɗaki. Amma a gidan kallo mai dikoda uku iri ɗaya, kamar ka kira "Malam" ne a tsangaya: ka canza tasha a ɗaya, duka ukun su canza.

Nan ne iTach IP2IR na Global Caché ya yi fice. Yana da mafita uku, kowace da siririyar waya mai ƙwayar haske a ƙarshe. Ana liƙa ƙwayar daidai kan idon dikoda, a rufe da baƙin salatif don kada hasken ya tsallaka ga maƙwabciya. Yana kwafa da kansa, ana kuma iya juya lambar Pronto zuwa tsarinsa. Aibinsa, ba shi da fuska: dole a haɗa shi da manhajar sarrafa kayan gida irin Home Assistant, a kuma sami wanda ya iya.

Na'urorin kamfanonin Crestron da Extron da Control4 na manyan ɗakunan taro ne da gidajen masu hali, kuma sai da ma'aikacin da ya ƙware. Idan ka kai nan, kar ka yarda a sa infirared inda na'ura ke da ƙofar RS-232, wadda ake aika umarni ta waya, ko ta intanet. Majigi da yawa suna jin tsarin PJLink, wanda ke bi ta ƙofar intanet, suna kuma ba da amsar halin da suke ciki. A rubuta cikin yarjejeniya cewa za a miƙa maka fayil ɗin shirin, in ba haka ba ranar da ka canza talabijin sai ka nemo wancan ma'aikacin.

Wajen kwafa, a sa sabon batir, a kauce wa hasken rana da doguwar fitila. RC-5 yana sauya wata 'yar alama duk dannawa, shi ya sa umarnin da aka kwafa kan yi aiki sau ɗaya ya ƙi na biyu. Rimot ɗin na'urar sanyaya ɗaki kuma duk dannawa yana aika komai tare, sanyi da ƙarfin iska da yanayi, don haka digiri 24 umarni ne daban, digiri 22 ma daban. Sannan ka gwada kowane rimot da kyamara tun kafin ka je kasuwa, don ba duka ke amfani da infirared ba: Fire TV Stick, ɗan sandan kallon bidiyo da ake soka wa talabijin, ta Bluetooth yake karɓar umarni, na'urar da infirared kaɗai ta sani ba za ta taɓa shi ba.