Tsohon CG Ya Mayar Da Ni Bakanike A Birmingham

Yaya, bayan gaisuwa mai tarin yawa, ya su Hajiya, ya yara, ya gareji? Allah ya ƙara rufa asiri.

Ka daɗe kana yi mini tsiya wai ni ɗan boko ne, ko fulogi ban iya kwancewa ba. To gyara zama. Wata bakwai ke nan da na sayi tsohon babur, Honda CG 125 ƙirar 1978, irin na Baba sak, sai dai nasa ja ne, wannan kuma shuɗi, ko in ce ya taɓa zama shuɗi. Wata dattijuwa ce ta sa shi a kasuwa ta intanet bayan rasuwar mijinta. Na biya fam 450, aka kawo shi a mota, muka tura shi ta lungu zuwa 'yar rumfar katakon da ke bayan gidan da nake haya a unguwar Small Heath. Garejina ke nan. In babur yana ciki, sai na matse ciki kafin in juya.

Babur a nan ba ya mutuwa irin mutuwar na gida. A wajenmu ƙura da zafi da jabun baƙin mai ke cinye inji, jiki yana nan garau. Nan kuwa in sanyi ya shigo hukuma takan watsa gishiri a titi saboda ƙanƙara, gishirin nan da danshi su yi ta cin ƙarfe kamar gara. Injin nawa bai wani wahala ba, amma salansa ta zama rariya, cikin tanki kuwa tsatsa ta yi jawur.

Da farko ban yi niyyar taɓa shi da hannuna ba. Na je wani gareji, wuri tsaf kamar asibiti. Mutumin ya duba kwamfuta ya ce sai bayan sati uku zai samu sarari, kuma fam 70 yake karɓa duk awa ɗaya, ban da kuɗin kaya. Na ce kabureta ce kawai za a wanke. Ya ce su ba sa wankewa, sabuwa suke sawa, don lokacin da za a ɓata ya fi kabureta tsada. Ina tsaye ina lissafi a raina na ga kuɗin aiki zai haye kuɗin babur. Sai na tuno ka a gindin darbejiya, kabureta a cikin gwangwanin fetur, kana hura jet da baki, mai babur yana zaune a benci yana shan shayi, in an gama ya ce sai gobe zai kawo kuɗi, ka ce ba komai. Wallahi ranar na san darajar hannunka. Na dawo gida na sayi akwatin sufanu.

Amma gaskiya ɗaya ce, wajen kaya sun yi mana nisa. Ka shigar da ƙirar babur da shekararsa, ka biya, kwana biyu ɗan aike ya ƙwanƙwasa ƙofa. An rubuta maka a fili wannan na kamfani ne, wancan kwaikwayo ne, kowanne da farashinsa. Babu rantsuwa, babu "wallahi orijina ne" alhali kwalin kaɗai ne orijina. Kuma abin da ka saya ta intanet doka ta ba ka kwana 14 ka ce ka fasa. Abin da ya ba ni dariya shi ne ranar da fistin da ringi suka iso. Na buɗe na ga ɗan China ne, irin wanda ke rataye a shagonka, sai dai na biya ninkin-ba-ninkin. Ashe Honda ta fito da CG a 1975 ne musamman don ƙasashen da ake lodi fiye da ƙima kuma ba a juyen mai a kan lokaci, wato mu. Shi ya sa injin ba shi da laulayi, shi ya sa kuma 'yan China suka yi ta kwafarsa har ya cika duniya.

Wahalar farko nociyoyin murfin inji ne suka ba ni. Na ɗauko sukundireba na danna, na murɗa, kan ya cinye. Na biyu ma haka. A na uku ne maƙwabcina, wani dattijon Bature da ke leƙe ta saman katanga, ya ce in dakata. Ya shiga gida ya fito da wata sukundireba, ya nuna mini ɗan ɗigon da ke kan nocin. Ya ce wannan alama ce ta awon Japan, bakinsu ya bambanta da na nan ko da yake ido ba ya rabewa. Da tasa, ɗan dannawa kaɗan, sai ji na yi ƙas, ya saki. Tun ranar kusan kullum yana nan da kofin shayinsa. A kamfanin ƙera babura na BSA ya koyi aiki yana saurayi, masana'antar tana nan unguwarmu a titin Armoury kafin ta durƙushe a 1973. Har yau yana ajiye da sufanunsa na wancan zamani, awon Whitworth, ko ɗaya ba ya kama nocin Honda. Yana zagin baburan Japan da suka kashe musu kasuwa, yana kuma taya ni gyaran ɗaya.

Tanki kuwa na zuba masa ruwan tsami irin na girki, na bar shi kwana biyu, na watsa tsofaffin nociyoyi a ciki na yi ta girgizawa kamar mai kaɗa shantu, har matata ta leƙo ta ce ko biki ake.

Akwai salon da matasan Landan suka fito da shi wajajen 1960, masu taruwa da baburansu a gidan shayin Ace Cafe: a cire duk wani tarkace, a sauke kan babur ƙasa, a sa siririyar kujera, mutum ya kwanta a kan tanki. Na ga hotuna, abin ya shiga raina. Na sa irin wannan kan, na zauna minti goma a cikin rumfa ina gwadawa, bayana ya ce bai yarda ba. Na mayar da mai ɗan tsayi. Na so in yanke wutsiyar firam, dattijo ya hana ni. A nan abin hawa in ya haura shekara 40 ana ɗauke masa gwajin lafiyar abin hawa na shekara-shekara, wato MOT, harajin hanya ma in ka nema a wajen DVLA, hukumar rajistar ababen hawa, amma in ka yi masa babban sauyi rangwamen gwajin yana iya faɗuwa. Inshora kuma dole ce, ba irin takardar da ake nuna wa ɗan sanda kawai ba, kuma duk abin da ka canza sai ka faɗa musu. Ni kaina sai da na yi horon yini guda na 'yan koyo, CBT, wanda ke aiki shekara biyu: jan harafin L gaba da baya, ba goyo, ba hawa babbar hanya. Fetur ma tun 2021 na gama-gari ya koma E10, mai gaurayen sinadarin ethanol da ke cin robobin tsofaffin injuna, sai dai in sayi E5 mai ƙarancin gauraye, mai tsada. Baƙin man da muke shafa wa katako saboda gara, a nan sai ka zuba a jarka ka kai wurin da hukuma ta tanada.

Inda na fi kewar gida shi ne walda. Ɗan ƙarfen da ke riƙe salansa ya karye, aikin da yaro a Ƙofar Ruwa ko Panteka zai gama kafin ka shanye ruwan leda. Sati biyu ina buga waya. Wanda ya yarda ya ce aikin ya yi masa ƙanƙanta, amma in kawo ya gani. Fentin firam ma layi na bi, sai dai ka ga fenti, Yaya: gari ake fesawa a gasa a tanda, ya fito sumul, farce ba ya kama shi. A watan Oktoba dattijo ya kai ni baje kolin tsofaffin babura na Stafford. Tsofaffi sun baza gwangwan a kan tamfol, ana taya ana albarka kamar a gida. A can na samo fitila da murfin gefe, har na yi ragi mai kayan ya ce daga ina nake.

Saura kujera. Kuɗin da mai ɗinki ya yanka mini zai sayi ƙafafun babur biyu da tayoyinsu. Don Allah ka leƙa Kurmi wajen dukawa, a ɗinka mini riga da jar fatar akuya, a yi mata zane kaɗan a gefe, ba mai yawa ba. Na san ruwan nan ba zai bar ta ba, zan riƙa rufewa. Awon yana cikin hoton da na tura, kuma akwai mai tahowa bayan Sallah.

Jiya da la'asar ya tashi a kik na huɗu. Na ɗauki ƙararsa na tura maka a WhatsApp. Ka saurara da kyau, in ya ɗan yi zafi akwai wani ƙis-ƙis daga sama. Dattijo ya ce tafet ne, in ɗauko ma'auni. Na ce masa a'a, sai yayana ya ji tukuna.